Ranar Da Na Sauke Lefena Daga Kwantena

Assalamu alaikum, masu karatu. Gaisuwa ta musamman ga baiwar Allahn da ta rubuto mini makon jiya tana cewa boko ne ya taɓa mini ƙwaƙwalwa. Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ki gyara zama, abin da ya faru ranar Laraba zai ƙara miki hujja.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, bari in jera muku mutanen a tsanake. Na koyar da kimiyya shekara uku a wata sakandaren 'yan mata a Kano, don haka ban iya fara darasi ba tare da kiran suna ba.

Ni ce Sakinatu, shekarata ashirin da bakwai, ina digiri na biyu a wata jami'a a nan Guangzhou. Abin da nake karantawa shi ne yadda ake gina gidan katako ya tsaya da ƙafarsa idan ƙasa ta girgiza. Umma, mahaifiyata, ta taƙaita wa maƙwabta da cewa, "Kafinta take koyo, amma na China." Sai Gwaggo Mero, ƙanwar Abbanmu, wadda ta shekara goma sha ɗaya tana sarin kaya a kasuwar Canaan. Ita ce idon dangi a kaina a garin nan, ido kuwa mai kyamara. Sai Abdul-Fatah, mutumin unguwar Nima a Accra, sana'arsa tura kaya gida a kwantena. Shi ne wanda aka sa mana rana da shi. Ta ƙarshe, kuma mafi nauyi, Mma Hamdia, mahaifiyarsa.

Mma ta yi shekara ashirin tana koyar da ƙananan yara a ƙarƙashin rumfar kwano. Da Allah ya hore mata fili a gefen wani tudu a yammacin Accra, ɗanta ya yi alkawarin gina mata makaranta: bene na katako, aji biyu a ƙasa, biyu a sama. A yanko komai a kamfani a nan China, a can haɗawa kawai za a yi. Kamfanin ya ba shi zane da rubutun Sinanci, ya juya shi sama ya juya shi ƙasa, daga ƙarshe ya zo masallacin ɗalibai neman mai karanta masa. Aka nuna ni. Haka muka haɗu. Wasu matan fure aka fara miƙa musu. Ni zanen gini ne mai shafi arba'in da shida.

Yankin da filin yake, ƙasa takan ɗan motsa jefi-jefi. Shi da bakinsa ya ba ni labarin ranar da kofunan Mma suka yi ta kaɗawa a kan kanta, mutanen layi suka fito ba takalmi. Saboda haka na zauna wata biyu a kan zanen nan, na sa kamfanin ya gyara duk abin da ke buƙatar gyara.

Ku ba ni minti ɗaya in yi aikina na malanta, domin in ba ku gane wannan ba za ku ɗauka haukan banza na yi. Katako abu ne mai kyau a wurin girgiza. Ba shi da nauyi, kuma yana lanƙwasa ya dawo. Matsalar ba a jikinsa take ba, a mahaɗarsa take. Ku ɗora kwali biyu a kan faranti, ɗaya bisa ɗaya, ku fizgi farantin. Kwalayen ba za su yage ba, amma na ƙasa zai zame, na sama ya kifo. Shi ya sa ƙa'idar gini ta ce a ɗaure kowane bango da fandisho da ƙarfe mai kusurwa da manyan notika, a ɗaure hawan sama da na ƙasa da ɗamarar ƙarfe. Ƙusoshin ma nasu daban ne, masu zobe-zobe a jiki, kuma ana buga su a tazarar da aka rubuta, ba tazarar da kafinta ya ga dama ba.

A ɗakin gwajinmu akwai wani ƙaton tebur da ke kwaikwayon girgizar ƙasa. Bara mun ɗora masa gida biyu iri ɗaya, ɗaya da ƙarafansa cif, ɗaya mun rage. Wanda muka rage wa, benensa ya zauna a kan ɗakin ƙasa cikin daƙiƙa goma sha ɗaya. Malamarmu ko kofin shayinta ba ta ajiye ba. Ni ranar ban iya cin abinci ba, alhali buhunan yashi ne a ciki.

Darasi ya ƙare. Mu koma ga Laraba.

Watan Afrilu ne, lokacin da bangon Guangzhou ke gumi kamar mai zazzaɓi. Ɗakina a hawa na tara yake, hijabina uku na rataye a taga kwana huɗu sun ƙi bushewa, yajin da Umma ta daka mini ya dunƙule a cikin kwalba sai da na sa cokali na fasa. Ina cikin dama kunun gyaɗa a butar lantarki, abin da hukumar makaranta ta hana kuma kowa ke yi, na duba waya. Saƙon murya bakwai daga Umma.

Na farko gaisuwa ce. Na biyu ma gaisuwa ce, don ta ga kamar na farkon bai tafi ba. Na uku ya shiga magana.

"Sakina, an tsayar fa. Asabar ta biyu bayan babbar Salla za su kawo lefe. Abbanku ya yi wa mai rumfa magana, kujera ɗari da hamsin. Gwaggonki ta ce akwati goma sha biyu ne. Goma sha biyu, Sakina! 'Yar Hajiya Bilkisu da aka cika mana kunne da ita, takwas aka kawo mata, biyu ma rabinsu takarda ce. Ke dai ki kama bakinki har a ɗaura. Ban da gardamar nan taki ta malaman makaranta."

Sauran huɗun maimaici ne, da ƙarin bayani a kan launin ankon da dangi za su saka.

Lefen a nan aka saya. Wata guda Gwaggo Mero na zagaya kasuwannin Shisanhang da Canaan da awon jikina a wayarta. Tsarin shi ne a tura wa Mma a Accra, ita da 'yan'uwanta su jera su fesa turare, su kawo Kano da kansu. Ni dai ba a nuna mini ko ɗankwali ba, kamar yadda al'ada ta ce, ban kuma tambayi ta wace hanya za a tura ba. Wannan rashin tambayar kuskurena ne, na yarda.

Sai ga saƙon Abdul-Fatah.

"Injiniyata, yau ake loda kwantena ta uku. Kar ki wahalar da kanki, zafi ya yi yawa. Ki huta abinki." Da zuciya ja guda uku.

Na tsaya ina kallon zukatan nan. Kwantena biyu na farko, mutumin nan shi ya tsayar da ni a rana ina ƙirga katako ɗaya bayan ɗaya, har da roƙon "Sakina, sake dubawa don Allah." Yau, ranar da ake loda bangon hawan ƙasa da ƙarafan ɗauri duka, tausayina ya sauko masa. Na ce a raina, ikon Allah, soyayya ta nuna.

Ban gama kunun ba wani saƙo ya shigo ta WeChat daga Lawban Chen, mai siton da ake lodin (lawban shi ne maigida da Sinanci). Dattijo ne mai sanƙo, mun saba tun lodin farko. Hoto ne: akwatunan katako huɗu a jingine da bango, da jan fentin da ni na shafa musu da hannuna don kada su ɓata. A ƙasa ya rubuta da Sinanci, "Mai kayan ya ce waɗannan su jira. Haka ne?"

Na zira abaya ruwan toka, wadda nake zuwa ɗakin gwaji da ita, na ɗaura ɗankwali baƙi ko madubi ban duba ba, na ɗauki takardar jerin kaya. Takalmin ma na aiki ne mai hancin ƙarfe. In kuna neman amarya mai ƙamshi a labarin nan, ku yi haƙuri, ba ta zo ba.

Jirgin ƙasa biyu da tafiyar ƙafa, na isa siton ƙarfe biyu da kwata. Tirela na tsaye da kwantena a bayanta, ƙofa a buɗe. Direba ya shimfiɗa kwali a inuwa yana barci, don ƙarfe huɗu zai kama hanyar tashar jiragen ruwa ta Nansha, in ya makara jirgin ya wuce. Cikin kwantenar bangwayen makaranta ne a jere har rufi. A bakin ƙofa kuwa, daidai gurbin da na auna wa akwatuna huɗu masu jan fenti, wasu akwatuna ne ruwan gwal, an naɗe su da leda suna ƙyalli, babba a ƙasa ƙarami a sama.

Gwaggo Mero na gabansu da waya a ɗage, tana nuna wa Umma da Mma ta bidiyo. Ta sha leshi ruwan hoda, gwal a wuya da hannu, ɗaurin nan nata mai kama da jirgi zai tashi. A sito fa, cikin ƙura.

"Hajiya, kin gani? Wancan na ƙasan atamfa ce zalla, turmi talatin. Mma, kina ganina? Wannan na takalma ne da jaka..." Ta juyo. "La ilaha illallahu! Ke! Me ya kawo ki? Rufe idonki!"

"Ina wuni, Gwaggo."

"Ban wuni ba! Amarya a gaban lefe? Juya bayanki!"

Abdul-Fatah ya fito daga ofis da robar ruwa a hannu. Farar jallabiya, hula zanna da ya koya daga Kanawa, agogo mai kyau. Yana ganina ya yi murmushin da ake yi wa jami'in kwastan.

"Injiniya! Ai na ce ki huta."

"Na huta, Alhaji, na gode. Hutun ne ya ishe ni na fito shan iska. Waɗancan akwatunan na bango fa, su ma hutawa suke?"

"Zo mu yi magana daga gefe."

Muka matsa. Ya rage murya.

"Sakina, wuri ne ya ƙare. Kin san lokacin kayan Salla ne, duk jiragen makon nan sun cika, wallahi ko jakar hannu ba mai karɓar mini. In lefen bai bi wannan jirgin ba, ba zai isa kafin ranar da aka sa ba. Ƙarafan kuwa ba ruɓewa za su yi ba. Wata biyu, in turo su."

"Bangon da za a ɗaure da su kuma yau zai tafi."

"E, amma Malam Ussif na can. Kafinta ne na shekara talatin. Akwai ƙusa a Ghana, Sakina, ba daji ba ne."

"Allah sarki. Ashe wata biyun da na yi a kan zanen nan, da Malam Ussif na kira da tuni an gama. Shi ƙusarsa in ƙasa ta motsa, sallama take mata ta koma?"

"Cale, ki daina mini haka," ya ce, da kalmar nan tasu ta 'yan Ghana mai nufin aboki.

"Injiniyan da zai sa hannu a Accra fa?"

"Ya riga ya ga zane. Ya ce ya yi kyau."

"Ai dole ya yi kyau. A takarda ƙarafan duk suna nan. Sai mu ce wa yaran su riƙa zama a cikin takardar."

Ya share gumi. Ku fahimce ni, masu karatu, Abdul-Fatah ba mugu ba ne. Mutumin da ya taɓa tsallaka gari cikin ruwan sama don ya kawo mini maganin mura da kilishi. Shekara goma yana cusa kaya a kwantena, a wurinsa kaya iri biyu ne: mai ranar da ake jira, da wanda zai iya jira. Lefe yana da rana. Girgizar ƙasa ba ta turo kati ba.

Na ƙwala wa Lawban Chen kira, na tambaye shi da Sinanci ko akwai dabarar da duka za su shiga. Ya kalli kwantenar, ya kalli ruwan gwal, ya kalli jan fenti.

"Meyo," ya ce. Wato babu. Kalmar nan ko jaririn ɗan kasuwa a garin nan ya san ta.

Na ce, "To a zazzage kayan daga akwatunan, a cusa atamfofin a tsakanin bangwaye. Akwatin banza a saya a Accra."

Gwaggo, wadda ashe ta matso da kunne, ta dafe ƙirji. "A buɗe lefe a gabanki? A cusa leshi a jikin katako kamar tsumman goge mota? Sakinatu, wa ya yi miki baki?"

"To a tura ta jirgin sama."

Abdul-Fatah ya girgiza kai. "Ba hanya ce matsalar ba. Mma ta ce lefen ya zo tare da makarantarta. Ta gaya wa matan unguwa za a buɗe kwantena a gabansu, ta ce ga makarantar da ɗana ya gina mini, ga lefen matar da zai aura. Ta sa an ɗinka anko."

Anko a Kano, anko a Accra. Teloli dai sun ji daɗin auren nan.

"Sai ka gaya mata gaskiya. Ga ta can a wayar Gwaggo."

Ya kalli wayar kamar an nuna masa maciji.

Na ce, "Shi ke nan, tambaya ɗaya, kuma in ka amsa zan koma makaranta yanzu. Ka yi mini alkawari ba za a ɗora bene ba, ba yaron da zai shiga ginin nan, sai ƙarafan sun isa an ɗaura su. Ka iya tsayar da Mma wata biyu?"

Ya sunkuya yana nazarin takalminsa, takalmi mai kyau kuwa, ya cancanci nazari.

"Ta riga ta sanar da ranar buɗewa," ya ce a hankali. "Satumba. Iyaye sun rubuta suna."

"Yara nawa?"

"Tamanin da huɗu."

Na san yadda zai kasance, domin na ga yadda ake gini a gida. Kwantena na isa Malam Ussif zai tayar da bango da ƙusar kasuwa, a lulluɓe, a yi fenti, a rubuta sunan makaranta da kore. Wata biyu bayan nan akwatuna huɗu su iso, a ce kai, wa zai fasa bango mai kyau haka? A tura su bayan gida, kaji su riƙa ƙwai a kai.

Na miƙa hannu. "Gwaggo, ara mini wayar."

"Ba zan bayar ba."

"Ki ba ta, Mero," in ji wata murya daga cikin wayar. Mma ce.

Fuska biyu ne a allon. Umma a sama, a falonmu na Kano, da hijabin sallar walaha, idonta ya yi waje. Mma a ƙasa, farin mayafi, tabarau a kan hanci, bayanta wasu mata biyu sun leƙo. Na durƙusa har ƙasa a kan simintin siton, na gaishe ta yadda ya kamata. Zan rubuta muku maganarta da Hausarmu ta Kano don sauƙi.

"Lafiya lau, ɗiyata. Na ji ana ta ƙarfe, ƙarfe. Mene ne?"

Na yi mata bayani. Wallahi ban taɓa yin darasi mai kyau irin wannan ba. Na kawo kwali, na kawo faranti, na kawo tebur mai girgiza. Ban ɗaga murya ba, ban ce kowa ya yi laifi ba. Ta saurara har ƙarshe, malama ce ita ma.

"Na ji," ta ce. "Amma ɗiyata, shekara ashirin ina da yara a rumfar kwano. Iska ta zo, ruwa ya zo, ƙasar ma ta motsa. Allah ne ke tsarewa."

"Haka ne, Mma, Shi ne mai tsarewa. Sai dai rumfar kwano in ta faɗo, ƙulu ne a goshi. Wannan bene ne, da yara arba'in a sama, arba'in a ƙarƙashinsu."

"Sakina!" in ji Umma. "Da surukarki kike musu? Mma, ki yi haƙuri, zafin ƙasar ne, tun tana ƙarama in ta sha rana haka take..."

Mma ta ɗaga hannu. Matan da ke bayanta suka ƙara matsowa.

"Fatah ya ce zai turo daga baya, na yarda da ɗana. Ke kuma ba ki shigo gidan ba tukuna. Abin da aka loda an loda da sunanki. A wurinmu, lefe in ya hau hanya ba ya sauka sai a gidan amarya. In ya sauka a wani wuri, to wadda aka yi dominta ce ta ce ba ta so. Ban san yadda kuke yi a Kano ba."

"Haka muke yi!" Gwaggo ta faɗa daga bayana. "Mayar da lefe sunansa, ko a Makka!"

Na kalli Abdul-Fatah. Abin da nake jira ƙarami ne. Ya ce, "Mma, ni ne na yi kuskuren lodi, ni zan sauke." Magana ɗaya. In daga bakinsa ta fito, gyaran kaya ne. In daga nawa ta fito, kun ji sunanta.

Ya ce, "Mma, network ɗin yana yankewa."

Bai yanke ba. Ban taɓa ganin hoto tangaran irin na ranar ba.

Ƙarfe uku da minti goma. Direba ya tashi yana wanke fuska. Na miƙa wa Gwaggo wayarta da hannu biyu, na ce ta riƙe da kyau. Na tuna Abba da kujerunsa ɗari da hamsin. Na tuna ina son mutumin nan mai nazarin takalmi, har yanzu da nake rubutun nan ina son sa, kada wata ta rubuto tana tambaya. Na tattare abayata na taka ƙarfen bayan tirela na hau.

Ƙaramin na sama na fara ɗaukowa. Ƙamshin turare ya bugi hancina ta cikin ledar. Na sauko da shi na ajiye a kan kwali, don kada ya yi datti. Na koma na jawo na biyu.

Abin da ke fitowa daga wayar Gwaggo ba zai rubutu ba. Umma na salati tana kiran sunana har da na kakata. Gwaggo na kuka, amma, don Allah ku lura da ƙwarewa, hannunta bai karkace ba ko sau ɗaya. Duk abin da na yi an gani a ƙasa biyu.

Na uku ya fi ƙarfina. Na ce wa leburorin siton da Sinanci su taimaka. Ba su motsa ba, suka juya ga mai kaya. Lawban Chen ma shi yake kallo, da sigari a baki bai kunna ba.

Abdul-Fatah, ba tare da ya dubi wayar ba, ya ɗan gyaɗa kai. Kaɗan fa. Irin gyaɗawar da gobe mutum zai iya cewa ƙuda ya kora.

Minti ashirin aka sauke ruwan gwal, aka kawo injin ɗaga kaya ya tura jan fenti huɗu cikin gurbinsu. Sun shiga daidai, ko yatsa ba zai ratsa ba, don da ma nasu ne. Na buɗe kowanne na duba da takardata: ƙarfen kusurwa, notika, ɗamara, kwalayen ƙusa. Na ɗaure kwafin shafin da ke nuna tazarar ƙusa a cikin leda, na manna a murfin na farko, na rubuta da manyan baƙaƙe, "Malam Ussif, don girman Allah." Aka rufe ƙofa, Lawban Chen ya danna hatimi ya ce ƙas. Huɗu saura minti biyar tirelar ta fita daga get.

Fuskar Mma ta daɗe da ɓacewa daga allon, ban san lokacin da ta kashe ba. Gwaggo ta zauna a kan wani buhu, ɗaurinta ya zame gefe, tana cewa, "Me zan gaya wa Yaya? Ni aka ba amana. Me zan gaya wa Yaya?" Na kawo mata ruwa ta ture.

Wayata ta yi ƙara. Saƙon murya daga Mma, daƙiƙa goma sha tara. Tunda aka sa rana ba ta taɓa turo mini saƙo kai tsaye ba. Na so in sa a kunne, hannuna ya taɓa lasifika, kowa ya ji.

"Sakinatu. Ƙarafanki in sun iso zan zauna a kujera in sa Ussif ya ɗaura su ɗaya bayan ɗaya, ko guda ba za a bari ba, tunda su kika zaɓa. Ki gaya wa mahaifinki kada ya kafa rumfa."

Shi ke nan. Ko sallama babu.

Na sake saurara, ni kaɗai wannan karon. Rabin farko ya sa na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina wanda tun safe yake danne ni. Rabi na biyu ya hau ya zauna a wurin.

Lawban Chen ya zo yana nuna akwatunan da haɓa. Wata tirelar na shigowa ƙarfe biyar, yana buƙatar filinsa. Ya tambaye ni, ni, ina za a kai su.

Abdul-Fatah na tsugune a gaban babban, wanda aka ce atamfa ce zalla. Ledar ta yage a kusurwa, yana ta shafa wurin da babban yatsa kamar zai liƙe. Jallabiyarsa ta kwashi ƙura har gwiwa.

"Alhaji," na ce, "lawban na tambaya. Ina za a kai su?"

Bai ɗago ba.

"Ban sani ba, Sakina," ya ce. "Wallahi ban san na waye ba ne yanzu."